Fire in the Blood: Fim Ɗin da Bai Ƙaraso Gagarawa Ba

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, don haka kalmar lasisi ba baƙuwata ba ce. Amma sai da na kalli Fire in the Blood, fim ɗin gaskiya da Dylan Mohan Gray ya fitar a 2013, na ga inda lasisi ke raba mutum da ransa.

Fim ɗin ya bi sawun maganin ƙanjamau. Wajen shekarar 2000, maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000, saboda haƙƙin mallakar ƙirƙira ya hana wasu haɗa irinsa a ƙasashe da dama. A 2001 Yusuf Hamied na kamfanin Cipla a Indiya ya ce zai sayar da shi dala 350. Ƙarfin fim ɗin yana nan: ya nuna cewa tsadar ba ta kuɗin haɗawa ba ce, mutane ne suka zauna suka yanke ta.

A Nuwamban shekarar, Sanarwar Doha ta tabbatar wa ƙasashe ikon ba da lasisin dole, wato gwamnati ta bai wa wani izinin haɗa magani ko mai haƙƙin bai so ba, a biya shi ladan da ya dace. Brazil ta yi hakan a 2007 kan maganin efavirenz. Mu ma dokarmu ta 1970 ta tanadi wannan iko.

Inda na rabu da Gray shi ne yadda ya jingina kusan dukkan laifin ga kamfanoni, kamar da zarar an karya farashi shi ke nan. Ɗiyar ƙanwata a Gagarawa tana fama da sikila. Hydroxyurea, maganin da ke rage mata tashin ciwon, haƙƙinsa ya daɗe da ƙarewa, babu kamfanin da ya tare hanya. Duk da haka sai an nemo shi daga Kano, ga kuɗin mota, ga gwajin jini a kai a kai. Watan da aljihu ya gaza, sai ta kwana tana kuka.

Lasisin dole yana buɗe ƙofa ne kawai. Ba ya gina masana'anta, ba ya cika kantar kemis a Gumel ko Maigatari. Ku kalli fim ɗin, ya cancanta. Ragowar labarin, daga tashar jirgin ruwa zuwa gadon majinyaci, yana jiran marubutanmu.