Huda Hula Don Ceton Haƙori

Sanyin hunturun Kuru ba ya rufa wa haƙori asiri. Mutum ya kurɓi ruwan alwala da asuba a watan Janairu, in akwai matsala a bakinsa nan take zai sani. Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne a ce haƙorin da ke zugin shi ne wanda aka riga aka kashe wa kuɗi, aka fere shi aka sa masa hula ta tangaran ko ta ƙarfe. Sai ka ji dattijo yana cewa, "Likita, wannan ai an gama da shi tun shekarun baya, me kuma ya rage a ciki da zai yi ciwo?"

Jijiya ce ta rage. Hula rufi ce kawai, a ƙarƙashinta haƙorin na nan da ransa. A tsakiyarsa akwai ɗan kogo mai tsoka mai laushi, da jijiyoyin ji da na jini, waɗanda ke bin siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa a cikin ƙashin muƙamuƙi. Wani lokaci feriyar da aka yi wa haƙorin ce ta wahalar da wannan tsoka, ta yi ta mutuwa a hankali. Wani lokaci kuma ruɓa ce ta lallaɓa ta bakin hular daidai dasashi, kamar yadda take yi wa wasu masu haƙorin Makka. In tsokar ta mutu, ƙwayoyin cuta su mamaye, mugunya ta taru a gindin saiwa, kunci ya kumbura, barci ya gagara.

Kuru ta yi suna da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki da aka kafa a 1979, amma mai irin wannan ciwo yawanci mota yake shiga, ya bi ta Bukuru ya nufi Jos: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko na kuɗi. Da yawa da shawararsu suke zuwa: a cire kowa ya huta. Cirewa ta fi araha, ta fi sauri. Amma ni wanda ke burge ni shi ne likitan da zai dubi haƙorin ya ce za a iya ceto shi ta hanyar wankin jijiya, watakila ma har da hular.

Wahalar farko ita ce ba ya gani. Hoton eksire ba ya ratsa ƙarfe, hular fari fat take fitowa, ta ɓoye kogon da ake nema. Gwajin sanyi ma bai cika faɗar gaskiya ta bayan tangaran ba. Sai ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya danna dasashi, ya zagaya bakin hular da tsinken ƙarfe yana laluben inda ta buɗe. In ya sami ruɓa a wurin, hular ta tashi aiki, dole a cire ta. In ta zauna daram, sai ya huda ta sama.

Kafin hudar, zai yi allurar kashe zafi, ya shimfiɗa wata 'yar roba a bakin, haƙorin kaɗai ya leƙo ta cikinta. Wani likita a Amurka, Sanford Barnum, ya ƙirƙiro ta a 1864, kuma har yau ita ke hana yawu shiga wurin aiki, ta hana ƙaramin ƙarfe faɗawa maƙogwaro. Daga nan sai ya ɗauki bakin inji mai garin lu'ulu'u, ruwa na feshi, ya ci tangaran a hankali, don da an matsa masa ko ya yi zafi sai ya tsage. In ya iske ƙarfen da ke ƙasa, ya sauya wani bakin.

A nan gwaninta take. Mai yin hula yakan miƙar da karkataccen haƙori don ya yi kyau a ido, saboda haka inda hular ta fuskanta daban, inda saiwar ta nufa daban. Wanda ya bi hular zai iya ɓulla ta gefen saiwa, ya lalata haƙorin da ya zo ceto. Gwani saiwar yake bi, yana duba tudunta a jikin dasashi, yana tsayawa yana sake hoto. Masu haƙar kuza a ƙasar Kuru da Bukuru sun san irin wannan aiki: rami ƙunci, ƙasa duhu, kuskuren taku ɗaya ya kai ka inda ba ka nufa ba.

Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi. Turmi kuwa uku ne ko huɗu, kuma turmin farko na sama yakan ɓoye ta huɗun, wadda in aka tsallake ta ciwon zai dawo. Allurar da ake fara laluba da ita, kaurin bakinta kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. Da ita likita zai bi hanyar da tsufa ya ƙuntata, yana murzawa da yatsu biyu, yana jin inda ta lanƙwasa. Wata na'ura, wadda tushenta binciken Sunada na Japan ne a 1962, tana ƙara idan bakin allurar ya kai ƙarshen saiwa. Tun 1988 aka fara samun allurai na nikel da titaniyam masu lanƙwasa ba tare da saurin karyewa ba. Ana faɗaɗawa ana wankewa da ruwan da sinadarinsa ɗaya ne da na Hypo ɗin wanki, sai dai an auna ƙarfinsa. Sannan a busar, a cike da wani ƙaro na itacen ƙasar Malesiya, a toshe hudar hular da farin ciko. In akwai mugunya, akan zuba magani a rufe, a ce ka dawo.

To, sai maganar kuɗi, inda zumunci ke tsami. "Ranka ya daɗe, haƙori ɗaya ne fa, ya na ga layi biyar a takarda?" Layukan na da dalili: kati da ganin likita, hotuna, wankin jijiyar kansa wanda na turmi ya fi na gaba tsada, cikon da ya toshe hudar, wani lokaci da ginin cikin haƙori. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, ga man janareto. Amma dalili bai zama hujjar ɓoyewa ba. Laifi ne babba a gaya wa mutum kuɗin wankin jijiya kaɗai, sai an huda an gama a ce masa ai sabuwar hula ma dole ce.

Masu inshora ma su yi hattara. A ƙa'idojin tsohon tsarin NHIS, hula na cikin abin da ba a biya wa mutum. Dokar 2022 ta maye gurbinsa da NHIA, Jihar Filato kuma na da PLASCHEMA, don haka a tambayi abin da katin ya ɗauka tun kafin a hau kujera. A nemi lissafi a rubuce: hanyoyi nawa, zuwa nawa, kuma in tangaran ya tsage wajen huda wa zai biya sabuwa. Wanda aka caje shi aikin da ba a yi ba yana iya kai kuka ga hukumar asibitin, ko Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya.

A kuma karɓi hoton ƙarshe a adana tare da rasit. Shi ke nuna ko kowace hanya ta cika har ƙasa. Ƙashin da mugunya ta ci kan ɗauki watanni kafin ya cike, shi ya sa ake so a dawo a sake hoto bayan wata shida zuwa shekara, kuma yana da kyau a ji tun yanzu ko kuɗin wannan dawowar na cikin abin da aka biya.