Jinjina Ga Masu Gyaran Lagireto

Lagireto shi ne ke sauke zafin injin mota. Famfo yana tura ruwa ya zagaya cikin inji ya kwaso zafi, ya bi ta siraran bututun lagireto, fanka da iskar hanya su sanyaya shi. Da haka inji ke zama a kusan digiri 90. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ƙaramin yoyo ya isa ya ƙona gaskit.

A nan gwanintar mai gyaran lagireto take. Yakan toshe bakunan lagireton, ya hura masa iska, ya tsoma shi a ruwa. Inda kumfa ta taso, nan hujin yake. Na tagulla ya liƙe shi da dalma, bututun da suka toshe ya zura musu siririn ƙarfe ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya wuce sumul.

Nagari a cikinsu yana hana direba zuba ruwan rijiya zalla, domin yana barin gishiri da tsatsa. Ruwan sanyaya inji mai sinadarin gilaikol, in an gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, yana jinkirta tafasa, magungunan cikinsa kuma suna kare ƙarfe daga ci. Yana kuma gargaɗi kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, kada a ajiye ruwan kusa da yara, don guba ne mai zaƙi.

Aikinsu na ceton inji da aljihun mai mota. Sun cancanci yabo da cikakken ladan guminsu.