Gorchakov, Gwanin Jiran Lokaci

A ranar 30 ga Maris, 1856, aka sa hannu kan yarjejeniyar Paris wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Kirimiya. Rasha ta sha kashi a hannun Birtaniya da Faransa da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sharaɗin da ya fi yi mata ciwo shi ne hana ta ajiye rundunar jiragen yaƙi ko gina ma'ajiyar makamai a Bahar Aswad, tekun da ke bakin ƙofarta ta kudu. Ba a yi wata guda ba, Sarki Aleksanda na Biyu ya damƙa harkokin waje a hannun Aleksanda Gorchakov, wanda a lokacin ya kusa shekara 40 yana aikin jakadanci.

An haife shi a 1798, ya yi karatu aji ɗaya da mawaƙin Rasha Pushkin, ya kama aiki a 1817. Ya zauna a Landan da Rum da Viyana, a Frankfurt kuma ya san wani jakadan Furushiya mai suna Bismarck. Wannan sanayya ta yi masa rana daga baya.

Aikin da ke gabansa ɗaya ne: warware sharaɗin nan ba tare da sake yaƙi ba, domin baitulmali ya yi ƙasa, soja sun jigata. Abin da ya fara yi shi ne rage murya. A takardar da ya aika wa jakadunsa a 1856 ya ce Rasha ba fushi take yi ba, tattara ƙarfinta take yi. Jama'a kan ɗauki irin wannan shiru a matsayin tsoro, ni kuwa a wurina nan gwanintar take. Wanda aka kayar, in ya tashi da kurari, sai ya ƙara haɗa kan maƙiyansa. In ya kame bakinsa, saɓanin da ke tsakaninsu zai fito da kansa.

Haka kuwa aka yi. Ya fara kusantar Faransa. Da Faransa ta bi sahun Birtaniya da Ostiriya wajen matsa wa Rasha lamba kan tawayen Polan a 1863, ya mayar musu da amsa cikin ladabi amma bai sassauta ba, ya kuma lura da wanda ya tsaya tare da su: Furushiya. Saboda haka da Bismarck, wanda a lokacin yake jan ragamar Furushiya, ya yaƙi Ostiriya a 1866, Rasha ta naɗe hannu. Da ya yaƙi Faransa a 1870, ta sake naɗe hannu. Bashi ne Gorchakov yake ɗora wa Furushiya, ya kuma san ranar da zai neme shi.

Ranar ta zo. A farkon Satumba 1870 aka kama Sarkin Faransa Napoleon na Uku a Sedan. Faransa ta durƙusa, Ostiriya ba ta gama jinya ba, Birtaniya kuma ba ta da abokin da za ta shiga yaƙi da shi. A ƙarshen Oktoba, shekara 14 bayan yarjejeniyar Paris, Gorchakov ya sanar da manyan ƙasashe cewa Rasha ta daina ɗaukar kanta a ɗaure da sharaɗin Bahar Aswad.

A duba yadda ya tsara maganar. Bai ce yarjejeniyar duka ta mutu ba. Bai nemi a mayar da kudancin Basarabiya da aka yanke wa Rasha a 1856 ba, ko da yake abin na ran Rashawa. Abu ɗaya ya ɗauka, wanda ya tabbata babu mai zubar da jini a kansa. Hujjarsa ma daga aikin abokan hamayya ya ciro ta: an bar yankunan Moldabiya da Walakiya sun haɗe saɓanin yarjejeniyar, an bar jiragen yaƙin wasu ƙasashe sun ratsa mashigin Bahar Aswad, to don me Rasha kaɗai za ta riƙe alkawarin da kowa ya taka?

Landan ta harzuƙa. A nan Gorchakov ya nuna ɓangaren sana'ar da ya fi wuya, wato bar wa abokin gaba ƙofar fita da mutuncinsa. Da Bismarck ya ba da shawarar a yi taro, ya yarda. A taron Landan na 1871 Rasha ta amince da ƙa'idar cewa babu ƙasar da za ta fita daga yarjejeniya sai da yardar sauran. Birtaniya ta tafi da ƙa'ida a takarda, a ranar 13 ga Maris kuma aka soke sharaɗin. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Ba kullum ya yi nasara ba. A taron Balin na 1878, yana ɗan shekara 80, an rage wa Rasha ribar yaƙinta da Turkiyya, dangantakarsa da Bismarck kuma ta riga ta yi tsami. Ya bar aiki a 1882, ya rasu a Baden-Baden a 1883. Amma mai karatu, in kana son ganin yadda mai rauni ke zama teburin sulhu ya tashi da haƙƙinsa, ka nemi tarihin shekarun 1856 zuwa 1871 ka karanta shi a tsanake.