Masu Farautar Faifan Jacques Thollot

A cikin masu tara faifan garmaho akwai wasu 'yan tsiraru da ba ruwansu da fitattun mawaƙa. Abin da suke bi shi ne jaz ɗin gwaji da aka buga a Faris tsakanin 1969 da ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ƙananan kamfanoni irin su BYG da Saravah da Futura suka buɗe ƙofa ga makaɗan da manyan kamfanoni suka ƙi kulawa. Sunan da ba ya barin bakinsu shi ne Jacques Thollot.

An haife shi a 1946. Tun yana yaro ya zauna gaban Kenny Clarke, gwanin ganga ɗan Amurka da ya yi ƙaura zuwa Faransa, daga baya ya yi kiɗa da Don Cherry da Sonny Sharrock da Barney Wilen. Wilen ɗin nan shi ne ya ratsa Sahara har Nijar, ya komo da sautukan da suka shiga faifansa Moshi na 1972, wanda shi ma ake nemansa ruwa a jallo.

Faifan Thollot da ya fi tayar da hankalin masu nema shi ne na 1971, Quand le son devient aigu, jeter la girafe à la mer, wanda Gérard Terronès ya fitar a Futura. Wanda ya saya don jin an ragargaji ganga zai sha mamaki. Thollot kusan shi kaɗai ya yi aikin: ya kaɗa ganga, ya koma kan fiyano, ya ɗora wannan naɗi a kan wancan, gajerun kiɗe-kiɗe masu taushi suna ɓullowa suna ɓacewa kafin kunne ya gama sabawa da su. A ganina nan ne darajarsa take. Makaɗin da aka saba ajiyewa a bayan dandali ya fito a matsayin mai tsara kiɗa, kuma bai nemi izinin kowa ba.

Ƙarancin faifan ba wani asiri ba ne. Ƙaramin kamfani kaɗan yake bugawa, masu saye a lokacin ba su da yawa, ba a kuma sake bugawa ba sai bayan shekaru. A 1979 ƙungiyar Nurse With Wound ta Ingila ta sa sunan Thollot a jerin makaɗan da ta ce sun yi mata tasiri, jerin ya zama taswirar masu farauta. Da shafin intanet na Discogs ya fara cinikin faifai, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya biya, farashi ya yi sama.

Ina girmama waɗannan mutane, domin su suka riƙe sunan Thollot da kunnuwansu da aljihunsu a shekarun da ya yi shiru, kafin ya dawo da Tenga Niña a 1996. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Hirar takan koma kan bugun farko, da lafiyar kwali, da ko allura ta taɓa karce faifan, har wani ya saya ya ƙi ɗorawa don kada daraja ta ragu. Kuɗin da ke yawo tsakanin dillali da mai saye kuwa ko sisi ba ya isa hannun makaɗi, kuma Thollot ya rasu a 2014.

Shagon Souffle Continu na Faris ya sake buga faifan Thollot na 1971 da kuma Watch Devil Go na 1975. Yanzu ɗalibin ganga da ba shi da kuɗin gwanjo zai iya zama ya saurari yadda Thollot ke sa fiyano da ganga su yi zance.