Aiki Rabi, Gudu Cikakke: Yadda Ake Cin Tseren Hyrox na Mutum Biyu

Da yawa daga cikin masu yin rajistar tseren Hyrox na mutum biyu suna shiga ne da lissafi mai daɗin ji: aiki ɗaya, mutum biyu, ke nan kowa rabin wahala zai sha. Lissafin bai cika ba. Dokar gasar ta yarda abokan biyu su raba aikin tashoshi yadda suka ga dama, amma ba ta yarda su raba ko taku ɗaya na gudu ba. Kilomita takwas na gudun gasar kowa da ƙafarsa zai yi su, kuma tare. Duk wata dabarar da ke cikin wannan rukuni daga wannan ƙa'ida ta samo asali.

A birnin Hamburg na Jamus aka kafa gasar a 2017. Mutum biyu ne suka fi fice a kafa ta: Christian Toetzke, wanda ya daɗe yana shirya manyan gasannin tseren keke da na juriya, da Moritz Fürste, ɗan wasan hoki da ya ci zinare wa Jamus a wasannin Olamfik na 2008 da na 2012. Abin da suka kawo sabo shi ne tsari guda da ba ya canzawa. Ko a Manchester aka yi, inda aka gudanar da gasar duniya ta 2023, ko a Nice ta Faransa a 2024, ko a Chicago a 2025, jerin aikin ɗaya ne, a cikin babban zaure, ba ruwan kowa da rana ko ruwan sama.

Ana farawa da gudun kilomita ɗaya, sai a shiga tasha, a fito a sake kilomita, haka har sau takwas. Tashar farko na'urar SkiErg ce, wadda ake jan igiyoyinta biyu daga sama zuwa ƙasa har mita 1,000. Ta biyu tura amalanken ƙarfe marar taya ne a kan kafet tsawon mita 50, ta uku kuma janyo shi da igiya wata mita 50. Ta huɗu ita ce mita 80 na kwanta-tashi da tsalle: ƙirji ya taɓa ƙasa, a miƙe, a daka tsalle gaba da ƙafa biyu. Daga nan sai mita 1,000 a na'urar tuƙin kwale-kwale, mita 200 na tafiya da curin ƙarfe mai mariƙi a kowane hannu, mita 100 na tafiyar durƙuso da buhun yashi a kafaɗa, sannan a rufe da jifan ƙwallo mai nauyi sama sau 100, kowane jifa daga tsugune yake tashi. A rukunin maza na gama-gari amalanken turawa kilo 152 ne, na ja kilo 103, curin ƙarfe kilo 24 kowanne, buhu kilo 20, ƙwallo kilo 6. Na mata kuwa 102 ne da 78 da 16 da 10 da 4. Ƙwararrun maza suna tura kilo 202.

A rukunin mutum biyu, mutum ɗaya ne ke aiki a tasha a kowane lokaci, ɗayan yana tsaye ko yana biye da shi a baya. Abin da wannan ke haifarwa sai an sa lissafi ake ganinsa. Lokacin tashoshi yana raguwa ƙwarai, domin wanda ya huta yana karɓa da ƙarfinsa, saboda haka kason gudu a cikin jimillar lokaci ya fi na mai tsere shi kaɗai girma. Tseren ya koma na masu gudu, kuma saurin tawagar shi ne saurin wanda ya fi nawa a cikinsu. A ɗauka ɗaya yana iya yin kilomita a minti huɗu da rabi, ɗayan kuma sai a biyar da rabi. Minti takwas ke nan da mai saurin ba shi da hanyar da zai kashe su a kan titin gudu. Kuzarin yana nan a jikinsa, kuma wuri ɗaya kawai zai iya zuba shi: a tashoshi.

A nan ne abokai da yawa ke faɗawa ramin kara. Rabin-da-rabi yana kama da adalci, ba wanda yake so a ce an ɗauke masa kaya, musamman tsakanin abokai maza da kowa ke kishin ƙarfinsa. Amma idan bambancin gudu a bayyane yake, raba aiki daidai ɓarna ce. Mai saurin yana isa kowace tasha da numfashinsa a kwance, tunda gudun da ya yi ƙasa da iyawarsa ne, abokinsa kuwa yana isowa yana haki. Abin da hankali ya nuna shi ne mai saurin ya fara kama aikin, ya ɗauki kaso mafi tsoka, kuma a yawancin tashoshi shi ya ƙarasa, domin ɗayan ya fita gudu na gaba da ƙafar da ta ɗan sarara. Idan wannan hutu ya sa mai nawar ya rage sakan goma a kowace kilomita da ke bayan tasha, an tsira da sakan saba'in, ribar da da wuya a samo ta a tasha guda. Matsalar tana tsananta ne idan mai ƙarfin dantse shi ne kuma mai nauyin ƙafa. Irin wannan tawaga dole ta zaɓa: a bar masa amalanken, inda nauyin jikinsa ke da amfani, a ɗauke masa tsalle-tsalle da durƙuso, waɗanda ke cinye cinyar da zai yi gudu da ita.

A rukunin mace da namiji abin ya fi fitowa fili, domin nauyin maza na gama-gari ake amfani da shi. Macen da ta saba tura kilo 102 za ta tarar da 152 a gabanta. Sai dai ba doka ba ce namiji ne ya fi gudu, kuma tawagar da ta raba aiki bisa zato maimakon bisa abin da agogo ya nuna a atisaye ita ce ke shan mamaki.

Na'urar SkiErg da ta tuƙi, waɗanda kamfanin Concept2 ke ƙerawa, su ne wurin da aka fi yin asarar ƙarfi a banza, kuma dalilin yana cikin lissafin na'urar kanta. Ƙarfin da ake buƙata ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da sauri, ninkin-ba-ninki yake yi. Mai tuƙa mita 500 a minti biyu yana fitar da wajen wat 203. Idan ya sauko zuwa minti ɗaya da sakan 50, yana buƙatar wajen wat 263. A minti ɗaya da sakan 45 kuwa ya haura wat 300. Wato ƙarin ƙarfi kusan rabi, kuma duk ribar da za a samu a mita 1,000 sakan talatin ce. Mai tsere shi kaɗai ya san wannan cinikin faɗuwa ne, shi ya sa yake lallaɓa na'urar. A tawagar mutum biyu akwai ɗan sarari, tunda kowa zai sauka ya huta, amma sararin na mai saurin gudu ne. Idan mai nawar ya hau ya nuna bajinta don ganin lamba mai kyau a allo, zai biya bashin a kilomitar da ke biye, da riba.

Sau nawa ya kamata a yi canji? Ilimin aikin jiki yana goyon bayan gajerun karɓa-karɓa. Tsoka tana da wani ɗan rumbun makamashi na gaggawa da ake kira fosfokiriyatin, wanda ke ƙarewa cikin sakanni idan aka matsa, amma kusan rabinsa yana dawowa a cikin rabin minti na hutu, ya kusa cika a 'yan mintuna. Tun a 1965 masanan Faransa Monod da Scherrer suka nuna cewa akwai wani mizanin ƙarfi da tsoka ke iya daɗewa a kai, kuma duk aikin da aka yi sama da shi daga wani ajiyayyen kaso mai iyaka ake cirowa. Tsarin mutum biyu yana ba da damar a ciro, a huta, a ɗan mayar, a sake cirowa. Sai dai kowane canji da kuɗinsa. A SkiErg kuɗin kaɗan ne, ɗaya ya matsa ɗaya ya kama. A na'urar tuƙi sai an kwance maɗaurin ƙafa, an tashi, wani ya zauna ya ɗaure, fankar na'urar kuma tana rage juyi a tsakani. Canji shida a can na iya cinye duk abin da hutun ya samo. Don haka babu amsa ɗaya ga dukan tashoshi: inda canji ke da arha a yawaita, inda yake da tsada a taƙaita.

Amalanken ƙarfe shi ne mai yanke hukunci da wuri. Mita 50 ɗin an kasa ta tsayi huɗu na mita 12.5, kuma abin da ya fi cin rai shi ne tayar da shi daga tsaye, don haka canji a ƙarshen layi, inda dama dole a tsaya, ya fi canji a tsakiya. Wanda ya nace sai ya yi tsayi biyu a jere alhali takunsa ya mutu, cinyarsa yake ƙonawa, ga gudu shida suna jiransa. 'Yan wasa sun daɗe suna ƙorafin cewa kafet ɗin wani zaure ya fi na wani riƙe ƙarfe, abin da ke sa kwatanta lokacin wannan tasha tsakanin birane ya zama sai da taka-tsantsan.

Tafiya da curin ƙarfe ba ta da dogon labari, gajeruwa ce, hannun da ya gaji ya ajiye wani ya ɗauka. Tsalle-tsalle da durƙuso su ne masu tarko. A tsallen, bugun zuciya yana tashi da wuri saboda kwanciya da miƙewa, kuma gajeren karɓa-karɓa yana biya sosai tunda canjin ba ya cin komai. A durƙuso, gwiwar baya sai ta taɓa ƙasa a kowane taku, buhun kuma ba a sauke shi ƙasa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa ake miƙa shi. Tawagar da ba ta gwada wannan miƙawa a atisaye ba, ranar gasa ake gane ta. Bayan wannan tasha gudu ɗaya ne ya rage, shi ne kuma gudun da cinya ke ƙin bin umarni, saboda haka mita ashirin da aka ɗauke wa mai nawa a nan sun fi mita ɗari biyu da aka ɗauke masa a na'urar farko daraja.

Kilomitar farko ita ma tana da nata sharrin. Ana sakin 'yan tsere ne rukuni-rukuni, ga kiɗa, ga ihun 'yan kallo, jiki kuma sabo. Mai saurin yakan ja gaba yana ganin a hankali yake tafiya, abokinsa yana biye yana ƙona abin da zai buƙata bayan minti arba'in, kunya ta hana shi magana. Sauri ya haifi nawa. Maganin da tawagogi masu natsuwa ke yi shi ne mai nawar ya riƙe taki, mai saurin ya bi kafaɗarsa, ya ɗauki nauyin ƙirga zagaye, domin yawan zagayen da ke cika kilomita ya danganta da girman zauren, kuma wanda ya tsallake zagaye ana ƙara masa mintuna na horo.

Tasha ta ƙarshe ce kaɗai ke rushe dokar tanadi, tunda babu sauran gudu a gaba. Maza suna jifan alama mai tsayin mita 3, mata mita 2.7, kuma alƙali ba ya ƙirga jifan da ƙugu bai sauka ƙasa da gwiwa ba ko ƙwallon da ba ta sami alamar ba. Tawagar da ta ƙware tana yin aikin ne kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: kafin taɓaryar wannan ta tashi ta waccan ta sauka. Goma-goma ko sha biyar-sha biyar, a sauka tun kafaɗa ba ta ƙi ba. Wanda ya jira sai ya gaza kafin ya miƙa, jifansa na ƙarshe biyu ko uku su ne alƙali ke sokewa.

Kowane ɗan tsere yana ɗaure da 'yar na'urar ƙidaya a idon sawu, kuma sakamakon yana fitowa a yayyanke: gudu takwas, tasha takwas, da jimillar lokacin da aka ɓata a Roxzone, filin da ke tsakanin titin gudu da tashoshi. Wannan layi na ƙarshe mutane ba su cika dubawa ba, alhali shiga da fita ake yi ta cikinsa a kusan kowace tasha, kuma tafiyar hawainiya zuwa teburin ruwa tana tara mintuna ba tare da an ji ba. A gudun, na farko ba abin dogaro ba ne saboda zumuɗi. A kwatanta na biyu da na bakwai. Idan tazarar 'yan sakanni ce, an yi tanadi daidai. Idan gudun da ke bayan amalanke ko bayan tsalle ya yi tsalle shi ma da rabin minti, a can aka ɗora wa wani kayan da ya fi ƙarfinsa.

Manyan tawagogin maza sun sauko ƙasa da minti 50, alhali Hunter McIntyre na Amurka, zakaran duniya sau uku, ya yi minti 53 da sakan 22 shi kaɗai da nauyin ƙwararru a Stockholm a 2023. Tazarar 'yan mintuna ce tsakanin mutum ɗaya da mutum biyu, abin da ke nuna ƙanƙantar kason da ake iya rabawa. Takardar sakamako kuwa lokacin tasha kawai take bayarwa, ba ta faɗin wa ya yi mita nawa ko jifa nawa. Tawaga biyu na iya gama amalanke a lokaci ɗaya, ɗaya ta fito da mai nawarta a huce, ɗayar ta fito da shi a dafe. Mai son tantance wannan sai ya haɗa lambobin da bidiyon tseren, ko ya sa wani a gefen shinge ya rubuta kowane canji da wanda ya karɓa.