Ɗan'uwa a Gida, Bare a Takarda: Sharhin Littafin Behold the Dreamers

Imbolo Mbue 'yar Kamaru ce, haifaffiyar garin Limbe da ke bakin teku, kuma wannan shi ne littafinta na farko. Da Turanci ta rubuta shi, ya fito a 2016, ya ci kyautar PEN/Faulkner a 2017. A fuska, labarin direba ne da maigidansa. Jende Jonga, mutumin Limbe, ya samu aikin tuƙa Clark Edwards, wani ƙusa a bankin Lehman Brothers na New York, kimanin shekara guda kafin bankin ya durƙushe a watan Satumban 2008. Mai karatu zai yi saurin cewa faɗuwar bankin ce ta kayar da Jende. A nawa karatun, tun kafin nan ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, kuma dalilin yana cikin tambaya guda: a wajen hukuma, wane ne ɗan'uwanka?

Wanda ya kai Jende Amurka shi ne Winston, ɗan'uwansa na dangi, ba wanda suka fito ciki ɗaya ba. Winston ya samu katin zama na dindindin ta hanyar ƙuri'ar biza, ya yi karatu, ya zama lauya. Ya taimaka wa Jende ya shigo da bizar ziyara, ya kuma yi masa hanyar aiki. A al'adarmu ya fita kunyar zumunci. Abu ɗaya ya gagare shi, wato ya cike wa Jende takardar zama da sunan dangantaka, domin dokar Amurka ba ta san ɗan baffa ko ɗan gwaggo ba.

Ga yadda tsarin yake. Mai katin zama yana iya neman wa matarsa da 'ya'yansa marasa aure kaɗai. Wanda ya zama ɗan ƙasa yana iya ƙarawa da 'ya'yansa masu aure, in kuma ya kai shekara 21, da iyayensa da waɗanda suka haɗa uwa ko uba. Su ma waɗannan 'yan'uwan, gurbi 65,000 aka ware musu a shekara ga duk duniya, shi ya sa jiran layin ke wuce shekara goma. Daga nan an rufe ƙofa. Babu kawu, babu jika, babu yaron da ka riƙa tun yaye in ba kotu ce ta ba ka shi ba, mata kuma ɗaya tak doka ta sani. Bahaushe da ke kiran ɗan wan babansa "yaya", ya kira ƙanwar uwa "inna", zai fi kowa jin zafin wannan yankan.

Ƙarfin littafin shi ne yadda ya nuna abin da ke biyo baya in an rufe wannan ƙofa: kowa sai ya fara ƙera dangantaka ko labarin da takarda za ta karɓa. Wani lauya ɗan Najeriya mai suna Bubakar ya ba Jende shawarar neman mafaka, a kan cewa surukinsa zai halaka shi in ya koma. Akwai tushen gaskiya a ciki, domin uban Neni ya taɓa sa an ɗaure Jende saboda cikin da ya yi mata kafin aure, amma tsohuwar rigimar gida ce aka hura ta. Neni kuwa da bizar ɗalibta ta shigo, zamanta ya rataya a kan makaranta. Da abin ya ƙazanta, sai ga ta tana tunanin kashe aurenta don ta auri mai takarda, har tana tunanin ba da ɗansu Liomi ga wani malaminta ya zama nasa a hukumance. Wannan wuri ya fi ko'ina taɓa ni. Mace ce da ta ƙetare teku don iyalinta su haɗu, ga shi hanyar da ta rage mata ta zama ita ce ta wargaza iyalin da hannunta. Marubuciyar ba ta zage ta ba, ba ta kuma wanke ta ba.

Haka ma haihuwar Timba. An haife ta a New York, don haka 'yar ƙasa ce, ita kaɗai a gidan. Amma ba za ta iya neman wa iyayenta zama ba sai ta cika shekara 21. Sai kuma rasuwar mahaifin Jende a Limbe, wadda bai samu halartar jana'izarta ba, domin wanda shari'arsa ke gaban kotu in ya fita ya fita ke nan. Duk wanda ke da ɗan'uwa a waje ya san irin wannan ta'aziyya ta waya.

Inda nake ganin littafin ya gaza guda biyu ne. Na farko Winston. An bar shi a gefe, mai raha da buɗaɗɗen hannu, kamar ɗaukar nauyin dangi ba ya cin rai. Alhali a zahiri wanda ya nemi wa wani zama sai ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar, kuma nauyin yana wuyansa har wanda ya kawo ya zama ɗan ƙasa ko ya yi aikin kimanin shekara goma. Ko saki ba ya sauke shi. Ga kuma dangi a gida da ke ganin rowa ce ta hana shi jawo su. Wannan mutum ya cancanci babi nasa, amma an ba matsalolin gidan Edwards, shaye-shayen Cindy da sakacin Clark, filin da ya fi haka yawa.

Na biyu ƙarshen labarin. Jende ya nemi kotu ta bar shi ya fita da ƙafarsa, suka koma Limbe da ɗan jari a hannu, ciki har da dala dubu goma da Neni ta tatsa daga Cindy ta hanyar barazana da wani hoto. Wannan kuɗi ya tausasa faɗuwar fiye da kima. Da yawa daga masu komowa da jaka ɗaya suke sauka, da bashin da aka ci don tafiyarsu.

Duk da haka ina ba marubutanmu shawarar su karanta shi. Labaranmu na tafiya waje sukan tsaya a filin jirgi, ko a kan saurayin da ya dawo da mota. Ba mu cika shiga ɗakin wanda ya tafi ba, lokacin da uwa ta bugo waya tana cewa ya ɗauki ƙanensa, shi kuwa ya rasa yadda zai gaya mata cewa ɗan kishiyarta yana cikin lissafin hukuma, amma ɗan ƙanwarta da ta shayar da hankalinta a kansa ba ya ciki.