Gari a Takarda, Gari a Ƙafa

Kusan duk rubutun da na karanta a kan biranen Girkawan dā, sai na tarar ana yi wa Hifodamus, mutumin Miletus, kirarin uban tsara birane. Ni ma na taɓa maimaita kirarin a rediyo ba tare da na auna shi ba. Yau ina ganin rawanin ya fi ƙarfin kansa.

Aikin da ake yabo sananne ne. Farisawa sun rushe Miletus a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da aka sake gina shi, sai aka yanka tituna miƙaƙƙu masu gitta juna, gidaje a tsakani kamar gurbin dara. Hifodamus ne kuma ya tsara Firayus, tashar jiragen ruwan Atina. Amma ba shi ya fara ba. Mutanen Mohenjo-daro, a Pakistan ta yau, sun jera titunansu haka kusan shekara 2,000 kafinsa.

Babban ƙorafina yana Firiyene, garin da aka gina da wannan salo wajen shekara ta 350 kafin Annabi Isa, a gangaren dutsen Mikale da ke Turkiyya ta yau. A takarda ba shi da makusa. A ƙasa kuwa, titunan gabas da yamma ne kaɗai suka kwanta. Masu hawa dutsen, saboda an hana su lanƙwasa, da yawansu sun koma matakala. Amalanke ba ya hawa matakala, kuma tsohuwar da ta ɗauko tulu ita ke biyan kuɗin kyan zanen da gwiwoyinta.

Tun a zamanin, Aristotal ya hango gefe biyu. Ya yarda sabon tsarin ya fi daɗin gani da sauƙin zirga-zirga, amma ya ce lungunan dā sun fi tsaro ranar yaƙi, domin baƙo ɓacewa yake a cikinsu. Shawararsa ita ce a gauraya biyun.

Ban raina miƙaƙƙen titi ba. Yana sauƙaƙa rabon filaye da jan ruwa. Abin da na ƙi shi ne a yaba gari daga sama, kamar shaho ne zai zauna a ciki. Kafin mu yi wa mai zane kirari, mu tambayi wanda ya taka.